Tambaya da Amsa: Ɗan takarar da ya ce gwamnati ta janye hannunta, a bi shi ko a ƙi shi?

Wasiƙun da suka iso wannan fili daga Zariya da kewayenta a 'yan makonnin nan sun karkata ne ga magana guda, wato irin ɗan takarar shugabancin ƙasa da ke neman ƙuri'a da alkawarin rage girman gwamnati, da soke mafi yawan haraji, da sakar wa kasuwa mara. Mun zaɓi huɗu daga cikinsu, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen waɗanda suka aiko kamar yadda muka saba.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwar hatsi ne, ina sayen masara da waken soya a kasuwannin Giwa da Soba da Saminaka ina lodawa zuwa Kudu. Ina da ƙane da ke karatun tattalin arziki a jami'a, kuma tun da ya ji labarin shugaban ƙasar Ajantina, Javier Milei, ya hana mu sakat a gida. Cewa yake yi Najeriya ba za ta gyaru ba sai ta sami ɗan takara mai irin aƙidarsa ta Libatariyan, wanda zai rushe ma'aikatu, ya soke haraji, ya bar kowa ya nemi na kansa. In na tuna da rasit iri-iri da ake yanka mini tun mota ba ta bar kasuwa ba, da shingayen da direba ke tsayawa yana miƙa hannu har ya isa Legas, sai in ji yaron nan yana da gaskiya. In kuma na tuna da ƙauyukan da na daina shiga saboda 'yan bindiga, sai in ce ai gwamnatin ce ma ba mu gani ba, balle a yi zancen rage ta. Don Allah a warware mini.

Daga wani ɗan kasuwa, Sabon Gari, Zariya

Amsa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Abubuwa biyun nan da ka tuna duka gaskiya ne, kuma da su zan gina amsata, amma ya kamata mu fara sanin abin da ƙanenka yake kira gare shi.

Masu wannan aƙida sun kafa ta ne a kan cewa mutum shi ke da iko da kansa da dukiyarsa, kuma babu mai haƙƙin tilasta masa komai matuƙar bai taɓa ran wani ko dukiyar wani ba. Daga nan suka ce aikin gwamnati bai wuce ta tsare iyakokin ƙasa, ta kama ɓarawo, ta raba gardama a kotu ba, sauran al'amura kuwa, tun daga makaranta da asibiti har zuwa farashin kaya, a bar su tsakanin mai saye da mai sayarwa. Su kansu ba bakinsu ɗaya ba. Masu tsanani daga cikinsu, irin su Murray Rothbard wanda Milei ke ɗauka a matsayin malaminsa, suna ganin ko aikin 'yan sanda da alƙalanci ma kamfanoni za su iya yi. Masu sassauci kamar Milton Friedman da Friedrich Hayek kuwa sun yarda gwamnati ta ware wa mafiya talauci abin da zai riƙe musu rai. Saboda haka in wani ya zo maka da wannan tuta, abu na farko shi ne ka gano a wane layi yake tsaye.

Milei ya ci zaɓe ne a zagaye na biyu ranar 19 ga Nuwamba, 2023, da kusan kashi 56 cikin 100 na ƙuri'u, inda ya kayar da ministan tattalin arzikin lokacin, Sergio Massa. A wajen yaƙin neman zaɓe yakan ɗaga zarton inji sama don ya nuna yadda zai datse kashe-kashen gwamnati. Ƙasar da ya karɓa kuwa tana cikin mawuyacin hali, domin a shekarar 2023 kaɗai farashin kaya ya tashi da kashi 211 cikin 100, kuma babban dalili shi ne gwamnati ta daɗe tana kashe fiye da abin da take samu, babban banki kuma yana buga kuɗi yana cike mata giɓin. Da hawansa ya rage ma'aikatu daga 18 zuwa 9, ya karya darajar kuɗin ƙasar da fiye da rabi, ya dakatar da ayyukan gine-ginen gwamnati, ya zaftare tallafin wutar lantarki da na sufuri, ya sallami dubun-dubatar ma'aikata. Hauhawar farashi ta wata-wata, wadda ta haura kashi 25 cikin 100 a Disambar 2023, ta sauko ƙasa da kashi 3 a Disambar 2024, kuma a shekarar ne kasafin kuɗin ƙasar ya bar rara karo na farko cikin fiye da shekara goma. Wannan nasara ce ta gaske, kuma duk wanda ya musanta ta bai yi wa Milei adalci ba.

Sai dai ƙanenka ya kamata ya karanto sauran labarin. A watanni shida na farkon 2024 alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙasar sun nuna talauci ya kai kusan kashi 53 cikin 100 na jama'a kafin ya sauko zuwa kashi 38 a rabin shekara na biyu, kuma kaso mai tsoka na tsumin da aka yi daga aljihun 'yan fansho ya fito, domin kuɗinsu bai bi farashi ba. A watan Afrilun 2024 ɗalibai da malamai sun cika tituna saboda ƙarancin kuɗin jami'o'i. Alkawuransa biyu mafi girma, wato rufe babban banki da maye gurbin kuɗin ƙasar da dalar Amurka, bai cika su ba, a Afrilun 2025 kuma gwamnatinsa ta ƙulla yarjejeniyar rancen dala biliyan 20 da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, mutumin da ke kiran haraji sata, a watansa na farko ya ninka kuɗin da gwamnati ke ba iyaye matalauta domin 'ya'yansu, saboda ya san in ba haka ba tafiyar ba za ta yi nisa ba.

Yanzu mu dawo gida. Gwamnatin Ajantina tana karɓar harajin da ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na dukiyar da ƙasar ke samarwa a shekara, tana kuma biyan fansho ga kusan kowane tsoho, tana riƙe da jami'o'in da ba a biyan kuɗin karatu da asibitocin gwamnati. Wato Milei ya tarar da abin da zai datsa. Najeriya kuwa abin da take karɓa bai wuce kusan kashi 10 ba, yana cikin mafi ƙanƙanta a duniya. Gwamnatinmu ta fi kama da yaro mai tamowa, ciki ya kumbura, ƙafafu sun tsumbure: a sama akwai ministoci da hukumomi da ayarin motoci, a ƙasa kuwa akwai ƙauyen da ba ɗan sanda, da aji mai yara fiye da ɗari da malami guda, da ɗakin shan magani da ba magani. Wanda ya zo da zarto bai bambance cikin da ƙafafun ba, ɓarnarsa za ta fi gyaransa yawa.

Inda ƙanenka yake da gaskiya ba kaɗan ba ne, kuma kai ne shaida. Kowane rasit da aka yanka maka, da kowace naira da direba ya miƙa a shinge, a kan buhun masara suke komawa, har su isa ga matar da za ta auni mudu guda a Legas ko a Tudun Wada, alhali mafi yawan kuɗin ba su shiga asusun kowace hukuma ba. An rufe iyakokin ƙasa na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 da sunan kare manomin shinkafa, farashin shinkafa ya tashi, fasa-ƙwauri bai tsaya ba, 'yan kasuwar da ke bin ƙa'ida su suka sha wuya. A ƙarshen 2022 an canza fasalin naira, zuwa farkon 2023 mutum yana da kuɗinsa na halak a banki amma ya kwana a layi bai samu ba, manoma suka riƙa karyar da amfaninsu ga duk mai tsabar kuɗi a hannu, sai da Kotun Ƙoli ta shiga tsakani ranar 3 ga Maris a ƙarar da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka shigar. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, shi ya sa gonar da mutum ya gada kaka da kakanni ba ya iya jinginar da ita a banki sai ya sha zirga-zirgar neman takarda. Duk waɗannan hannun gwamnati ne a inda bai kamata ya kai ba. Ga kuma misalin wayar salula: kafin 2001 layukan tarho a Najeriya duka ba su kai rabin miliyan ba, da aka ba kamfanoni lasisi suka shiga gasa, layin da aka fara saye da dubban nairori ya zama kusan kyauta.

Amma ka lura, gasa ce ta kawo wannan sauƙi, ba cefanarwa kaɗai ba. Daga Nuwambar 2013 aka fara miƙa rarraba wutar lantarki ga kamfanoni 11, kowanne da yankinsa shi kaɗai, mai gida ba shi da ikon ya ce ya bar wannan ya koma wancan, kuma kowa ya san inda maganar wuta ta tsaya. Haka a 1986, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta rushe hukumomin sayen amfanin gona. Gaskiya ne hukumomin sun daɗe suna biyan manomi ƙasa da farashin duniya, amma su ne kuma ke raba irin auduga mai kyau suna tantance ingancinta, da aka rushe su ba a kafa komai a gurbinsu ba, iri ya gauraye, noman auduga ya ja baya a wannan yanki da ya yi suna da ita tun zamanin Turawa, kuma zuwa 2007 manyan masaƙun Kaduna sun rufe bayan matsalar wuta da kwararowar yadi mai araha sun gama da su. Masarar da kake fatauci ma, da yawa daga irin da manomanmu ke shukawa daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya fito, aikin shekara da shekaru da kuɗin gwamnati, wanda babu ɗan kasuwar da zai zuba jarinsa a ciki ya zauna jiran riba.

Ƙauyukan da ka daina shiga kuwa su ne hujja mafi ƙarfi. A wuraren da gwamnati ta janye, haraji bai ɓace ba, mai karɓarsa ne ya canza, domin manomi yana biyan ɗan bindiga kafin ya shiga gonarsa, ya sake biya kafin ya girbe. Don adalci, mai sassaucin ra'ayi a cikin 'yan Libatariyan zai ce maka ai tsaro shi ne aikin gwamnati na farko, kuma da ta bar abin da ba nata ba da ta sami ƙarfin yin sa. Na yarda da shi a nan ɗari bisa ɗari. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce makarantar firamare da rigakafin yara da ruwan sha su ma a bar wa aljihun kowa, a yankin da yaran da ba su sami makaranta ba jiya su ne ake ɗauka aikin ta'addanci yau.

Ra'ayina shi ne, irin wannan ɗan takara ana auna shi ne da abin da zai fara yankewa. In ya ce zai fara da shingaye da rasit na bogi, da hukumomin da ke maimaita aikin juna, da alawus ɗin manya, to ya cancanci a saurare shi da kyau. In kuwa ya fara da kuɗin makaranta da asibiti ya bar na sama yadda yake, to tsohon zance ne ya sake wa riga. A kuma tambaye shi ta yaya, domin sashe na 147 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta a ɗauko minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha, don haka abin da Milei ya yi da ma'aikatu a ranarsa ta farko shugaban Najeriya ba zai iya yin kamarsa da ministoci ba sai an gyara kundin, gyaran kuma yana bukatar kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi 24. Rahoton kwamitin Oronsaye, wanda ya ba da shawarar a haɗe ko a soke hukumomi da dama, tun 2012 aka miƙa shi, gwamnatoci suna ta gadonsa.

Tambaya ta biyu

Malam, barka da aiki. Ni malamar firamare ce. Ina jin ana ta yabon wannan aƙida, sai nake cewa ai mun riga mun ɗanɗana ta. An cire tallafin mai, an saki naira, ga shi kuɗin Keke daga gidana zuwa makaranta ya ninka fiye da sau biyu, abin da nake aunawa da tiya yanzu da gwangwani nake aunawa. In wannan ne sakar wa kasuwa mara, me kuma ake so a ƙara mana?

Daga wata malama, Tudun Jukun, Zariya

Amsa

Malama, abin da kika faɗa ba ƙari a ciki. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai a jawabinsa na karɓar mulki, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a Oktoban 2024. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dalar da hukuma ke sayarwa kusan naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma zuwa Disambar shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024 bai cike wannan rami ba. Waɗannan matakai biyu kuwa duk ɗan Libatariyan zai sa musu hannu.

Duk da haka ba zan ce miki tallafin abu ne mai kyau ba. A 2022 ya cinye sama da naira tiriliyan 4, mafi yawan amfaninsa yana tafiya ga masu manyan motoci da masu tsallakar da mai zuwa maƙwabta, kuma manyan 'yan takara uku na 2023, Tinubu da Atiku da Obi, duka sun yi alkawarin cire shi. Farashi iri biyu na dala da ake da shi a da ma masu hanya ne ke saye da araha a hukuma su sayar da tsada a bayan fage.

Inda maganar take shi ne ina kuɗin suka tafi. Mai wannan aƙida na gaskiya zai ce an yi rabin aiki ne, kuma rabin da ya fi sauƙi, domin an janye hannu daga aljihun da ke ba talaka, ba a janye daga wanda ke karɓa ba. A Agustan 2023 an rantsar da ministoci 45. Kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru sosai bayan cire tallafin, don haka tambayar da ya kamata ku malamai ku riƙa yi a ƙungiyance ita ce nawa ne daga ƙarin ya iso ajinku. A nan ni da ɗan Libatariyan muka rabu. Shi zai ce a mayar wa mutane kuɗin ta hanyar rage haraji, ni kuwa ina ganin mai tallan ƙosai da ɗan acaɓa ba harajin albashi suke biya ba balle ragin ya amfane su, abin da zai taɓa rayuwarsu shi ne makarantar da ba a korar yaro saboda kuɗin jarrabawa, da asibitin da za a karɓi haihuwa ba a ce a kawo safar hannu da auduga ba. Tsoronki yana da tushe a tarihi, domin shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ma da irin wannan alkawari ya zo, ya ƙare da tarzomar 1989.

Tambaya ta uku

Assalamu alaikum. Malam, a majalisarmu bayan sallar isha'i wani ya ce wannan aƙida ita ta fi kusa da Musulunci, tunda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi ƙayyade farashi. Wani kuma ya ce aƙidar kowa-tasa-ta-fisshe-shi ce, ba ruwanta da addini. Wanne ya fi kusa da daidai?

Daga wani ɗalibin ilimi, Kwarbai, Birnin Zazzau

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Na farkon ya kafa hujja da abin da ya tabbata. Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa farashi ya tashi a Madina, mutane suka nemi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙayyade musu, sai ya ƙi, ya nuna musu cewa Allah ne mai ƙayyade farashi, kuma yana fatan ya gamu da Ubangijinsa babu mai binsa haƙƙin jini ko na dukiya. Abu Dawud da Tirmizi sun fitar da shi. Musulunci ya tsare dukiyar mutum, ya girmama fatauci, ya kuma tsananta a kan karɓar kuɗin mutane ba bisa haƙƙi ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa jangali da kuɗaɗen da ake ƙwace wa 'yan kasuwa cikin zaluncin da ya zargi sarakunan zamaninsa da shi, kuma a tarihinmu na kusa, soke haraji da jangali da Balarabe Musa ya yi a Kaduna da Abubakar Rimi a Kano a 1979 ya samu karɓuwa ne saboda talakawa sun san azabar da ake sha wajen karɓarsu. Abin lura shi ne su biyun 'yan jam'iyyar PRP ne, masu ra'ayin gwamnati ta tsaya wa talaka, wato ƙin harajin zalunci ba mallakar 'yan Libatariyan ba ne.

Amma wanda ya tsaya a hadisin farko ya ɗauki gefe guda. A Sahihu Muslim an ruwaito cewa babu mai ɓoye kaya don su yi tsada sai mai laifi, kuma malamai irin su Ibn Taimiyya da Ibn Ƙayyim, da wasu daga cikin Malikiyya, sun halatta wa shugaba ya sa farashi na adalci idan 'yan kasuwa suka haɗa baki a kan abin da jama'a ba sa iya rayuwa sai da shi. Aikin hisba a asalinsa ya haɗa da bin kasuwa ana duba mudu da sikeli. Zakka ba kyauta ba ce da mutum zai bayar in ya ga dama, haƙƙi ce da hukuma ke karɓa, kuma Halifa Abubakar ya yaƙi waɗanda suka hana ta. Riba haramun ce ko da mai bayarwa da mai karɓa sun yarda, alhali a wajen ɗan Libatariyan yardar ɓangarori biyu ta wadatar. Jam'iyyarsu ta Amurka tana kira a daina hukunta mutane a kan ƙwayoyi, a kuma sassauta mallakar bindiga, mu kuwa da muka ga abin da maganin tari mai kodin ya yi wa matasanmu har gwamnati ta haramta shi a 2018, muka kuma ga abin da yaɗuwar bindiga ta jawo, ba ma bukatar dogon bayani.

Akwai dai wani ɓangare na kiransu da nake ganin Musulmi da Kirista a Zariya duka za su amfana da shi, wato a taƙaita ikon hukuma na kama mutum ta ajiye shi. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba, wasunsu sun shafe fiye da wa'adin laifin da ake tuhumarsu da shi. Fatawa ta malamai ce, amma a fahimtata aƙidar ta dace da shari'a wajen kare dukiya da 'yancin ciniki, ta saɓa mata wajen ɗauke wa mai hali nauyin marar hali.

Tambaya ta huɗu

Malam, ni ɗalibi ne, kuma aƙidar ta kwanta mini. Idan irin wannan ɗan takara ya fito a ƙaramar jam'iyya, abokaina suna cewa zaɓensa asarar ƙuri'a ce. Haka ne?

Daga wani ɗalibi, Samaru

Amsa

Ɗana, in cin zaɓe ake nufi, lissafi yana tare da abokanka. A Amurka an kafa jam'iyyar Libatariyan tun 1971, kuma mafi girman abin da ta taɓa samu a zaɓen shugaban ƙasa shi ne na 2016, lokacin da Gary Johnson, tsohon gwamnan jihar New Mexico, ya sami ƙuri'a kusan miliyan huɗu da rabi, wato kashi 3 da ɗoriya cikin 100, bai ci jiha ko ɗaya ba. A 2024 ɗan takararta bai kai kashi 1 ba. Milei ya tsallake ne saboda tsarin ƙasarsu na zagaye biyu: a zagayen farko kashi 30 ya samu ya zo na biyu, sannan tsohon shugaba Mauricio Macri da 'yar takarar da ta zo ta uku, Patricia Bullrich, suka mara masa baya. Da ya hau kuma, jam'iyyarsa ba ta kai kujera 40 ba cikin 257 na majalisar wakilai, shi ya sa babbar dokarsa ta gyare-gyare ba ta wuce ba sai a Yunin 2024, bayan an zubar da sassa da yawa daga cikinta.

A Najeriya katangar ta fi tsawo. Kundin tsarin mulki bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, dole sai jam'iyya ta tsayar da shi, kuma sashe na 134 ya ce bayan rinjayen ƙuri'u sai ya sami kashi 25 cikin 100 a kashi biyu cikin uku na jihohi. Wannan yana bukatar wakili a rumfunan zaɓe fiye da 176,000. A 2019 mutum 73 suka tsaya takarar shugaban ƙasa, biyu kawai aka san da zamansu a sakamako, a shekarar da ta biyo baya kuma INEC ta soke rajistar jam'iyyu 74.

Ban ce ƙuri'arka ta tafi a banza ba in ka ba wanda ka yarda da shi, domin manyan jam'iyyu sukan ɗauki manufar da suka ga tana janye musu jama'a. Amma in da gaske kake son abin da aƙidar ke da shi na alheri, to ka sani rasit ɗin da ake yanka wa mai shago a kasuwar Samaru, da kuɗin da ake karɓa a hannun mai Keke a Kwangila, da jinkirin takardar fili, ba a fadar shugaban ƙasa ake tsara su ba, a ƙaramar hukuma da majalisar jiha da ma'aikatun Kaduna ake yi. Ku nemi jerin harajin da doka ta amince a karɓa a ƙaramar hukumar Sabon Gari da ta Zariya, ku kwatanta shi da abin da ake karɓa a zahiri a kasuwa da tasha, ku rubuta bambancin, sannan duk ɗan takarar kansila ko shugaban ƙaramar hukuma ko ɗan majalisar jiha da ya zo neman ƙuri'arku ku ajiye masa takardar a gabansa, ku nemi ya faɗa a bainar jama'a wanne zai soke da kuma watan da zai soke shi.